Abin da Baba Bang Ya Faɗa wa Baƙuwa

Seo Gyeong-ran ce ta kafa ƙungiyarmu. Ma'aikatan jin daɗin jama'a ne mu, daga unguwannin birnin Daegu daban-daban. Mukan haɗu ƙarshen wata a wani gidan abinci bayan kasuwa, kowa ya faɗi abin da yake gani a gidajen tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Da wata malamar jami'a ta shigo cikinmu sai hirar ta koma bincike. Aka shirya a riƙa tattaunawa da tsofaffin, a ɗauki muryarsu in sun yarda.

Gyeong-ran ta ce a fara da Baba Bang, wani tsohon tela da ta yi shekara da shekaru tana kula da shi. Ita ta nemo masa keken guragu, ita ke raka shi asibiti. Ranar hirar sai mura ta kwantar da ita, aka tura Pyo Hye-rin, wadda ba ta daɗe da fara aiki ba.

A zama na gaba Hye-rin ta kunna mana muryar. Muka ji tsohon yana cewa yana da ɗa a garin Ulsan, shi da kansa ya kori yaron tun da daɗewa saboda wata gardama, kuma duk bikin girbi yakan dafa abincin mutum biyu ya zauna yana kallon ƙofa.

Malamar ta ce, "Hye-rin, ke za ki gabatar da wannan a babban taron da za a yi a garin Jeonju."

Gyeong-ran ta ajiye cokali. "Ni ce mini ya yi ba shi da kowa."

Hye-rin ta ce, "Yaya, ni ma ban tambaye shi ba. Zama kawai na yi, shi ya fara."

"To sannu da zama. Mu masu wanke masa bargo ashe ba mu iya zama ba."

Tun daga ranar komai Hye-rin ta yi sai Gyeong-ran ta ga aibunsa. Ta ce tambayoyinta ba su da tsari. Ta ce tsohon ya fara ruɗewa, wataƙila ma babu wani ɗa. In aka yabi yarinyar a zauren hirarmu na waya, takan karanta ta wuce. Da abin ya ishe ta, sai ta je ta sami Baba Bang yana gyaran wata tsohuwar riga.

"Baba, laifin me na yi maka? Yarinyar da ka gani sau ɗaya ka zazzage mata cikinka."

Bai ɗago ba. "Ai shi ya sa. Ta ji, ta tafi. Ke kuwa gobe za ki dawo kina kallona da tausayi, ki ce sai kin nemo shi."

"Da na nemo shi mana."

"Kin ji ko."

Ta kawo mana maganar a matsayin ƙorafi, tana huci. Malamar ta ɗan yi tunani, ta ce to a gwada musanya: kowa ya je ya yi hira da tsofaffin wani. Aka tura Gyeong-ran unguwar Hye-rin, wajen wata tsohuwa mai sayar da ganye.

Tsohuwar ta yini tana magana, har da labarin mijin da ta gudu ta bari. A zama na gaba Gyeong-ran ta riga kowa zuwa, ta kunna muryar da ƙarfi, tana satar kallon Hye-rin.

Fuskar yarinyar ta canza. "Ni kullum sai ta ce mini lafiya lau."

"Haka suke, ƙanwata," in ji Gyeong-ran, ta tura mata kwanon miya. "Ci, kada ya huce."

Musanyar ta zama tsarin aikinmu, ƙungiyoyin wasu garuruwa ma suka ɗauka. Duk da haka Hye-rin ce ta yi jawabi a Jeonju. Gyeong-ran ta zauna a layin gaba, ta tafa kaɗan, a hanyar dawowa ta ce yarinyar ta cika saurin magana. Ɗan Baba Bang kuwa ba ta neme shi ba, kuma ita da tsohon ba su sake tayar da zancen ba.