Bencin Bakin Kwana

Unguwarmu unguwar bishiyoyi ce. Ko da rana tsaka ka shigo, inuwa ce za ta raka ka har ƙofar gida. Muna da wurin wasan yara da yara ba sa zuwa, da wurin ninkaya, da shagon da mai shi ke kallon takalminka kafin ya amsa gaisuwa. Mutanen unguwar kuwa da mota suke gane juna. In ka sauko ka taka da ƙafa, ka zama baƙo.

Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, sai na ɗauko shi ya dawo wurina. Likita ya ce lallai ya riƙa tafiya kullum, in ya zauna ƙafar ta tafi ke nan. Da ƙyar na shawo kansa, don Baba ba ya son a gan shi yana jan ƙafa. Wani bencin katako ne ya cece mu, a bakin kwana, ƙarƙashin babbar bishiya. Nan ƙarfinsa yake kai shi. Sai ya zauna ya huta, ya saurari hirar masu aikin gida da direbobi da ke jiran bas, ya dawo fuskarsa a sake.

Ana haka ƙungiyar mazauna unguwa ta kira taro. Ciyaman, wani mai tumbi da ban taɓa ganin ƙafarsa a kan titi ba, ya miƙe ya ce bencin nan yana tara mutane.

Na ce, "To ai don mutane aka yi shi, Ciyaman."

"Ba irin waɗannan ba, Hajiya. Zama suke yi suna lura da shigarmu da fitarmu."

Na yi musu bayanin Baba dalla-dalla. Kowa ya langaɓe kai, matar Injiniya da katanga ɗaya ta raba mu har da cewa Allah ya ba shi lafiya. Daga nan suka ɗaga hannun amincewa a cire benci, nata ne ma ya fi na kowa tsawo. Kafin mako ya zagayo an tumɓuke benci, an dasa ƙatuwar tukunyar siminti a wurin, an shuka fure mai ƙaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Baba ya dakata, zan samo kujera mai naɗewa mu riƙa fita tare. Ya ce shi ba jariri ba ne da za a bi shi da kujera.

Washegari ina wurin aiki wayata ta yi ƙara. Hoto ne a guruf ɗin unguwa: Baba zaune a gefen kwalbati, sanda a ƙasa, hularsa ta faɗi. Matar Injiniya ce ta ɗauka daga cikin mota. Ta rubuta: "Jama'a, an cire benci amma ba su daina zuwa ba. A yi wa masu gadi magana." Wani ya amsa cewa kada a kuskura a ba shi komai, gobe da 'yan'uwansa zai dawo.

Ban san yadda na tuƙo motar ba. Na tarar da sabon mai gadi a kansa yana cewa, "Tsoho, tashi mana, ba a bara a nan." Baba yana ta ƙoƙarin faɗin gidanmu, harshen ya ƙi ba shi haɗin kai.

"Sakar masa riga!" na daka wa mai gadin tsawa. "Ubana ne!"

Ai kuwa sai ga matar Injiniya ta dawo, ta sauke gilashi rabi.

"Au, babanki ne? Wallahi ban gane shi ba. Ai da kin sa mana hotonsa a guruf tun farko. Da na san naki ne..."

"Da ba nawa ba ne fa? Tsoho ya faɗi a kan hanyarki, abin da ya zo miki shi ne ɗaukar hoto? Ko ruwa kin miƙa masa?"

"Haba maƙwabciya, abin bai kai haka ba," in ji ta, ta ɗage gilashinta.

Ni da mai gadin muka ɗaga Baba, mai gadin yana ta ba ni haƙuri, wai umarni aka ba shi. Ban ko dube shi ba. A mota Baba hularsa kawai yake kakkaɓewa da hannun da ke aiki.

Da yamma Ciyaman ya kira, wai ƙungiya ta yi nadama, za a yi wa Baba kati ya riƙa ratayawa a wuya don masu gadi su gane shi. Na kashe wayar kafin in zagi wanda ya girme ni.

Da safe na kawo wa Baba takalmansa, ga kujerar na samo. Ya daɗe yana kallonsu.

"Uwata, mayar da su," ya ce. "Na gama fita."

Na roƙe shi, na yi faɗa, na kira likita ya yi masa magana. Bai sake taka titin nan ba. Yanzu daga gado zuwa banɗaki ma sai na riƙe shi.