Kafa ta Ashirin da Huɗu

Mansur yana ƙarƙashin tebur, kansa cikin ƙura da igiyoyin waya, bayansa kuma yana fuskantar maniyyata fiye da arba'in, lokacin da Alhaji Nu'uman ya sake tambayarsa ko an kusa.

"An kusa, Alhaji," in ji shi daga can ƙasa. Karo na huɗu ke nan yana faɗin haka tun ƙarfe tara, kuma ko shi kansa ya daina yarda.

Ofishin jigilar alhazai na Alhaji Nu'uman ɗakuna biyu ne a saman wani shagon tayoyi a unguwar Adjamé. In an buɗe taga, ihun 'yan kamashon gbaka, ƙananan bas ɗin haya, ya cika ɗakin, in an rufe, zafi ya dafa mutane. Ranar Alhamis ce ta watan Oktoban 2008, kuma da ƙarfe huɗu na yamma ofishin da ke karɓar sunayen maniyyata zai rufe shafinsa na intanet. Kafin lokacin dole a tura hoton fasfo da takardar asibiti ta mutum sittin da biyu. Duk wanda nasa bai shiga ba sai baɗi. Tun jiya Sharifa, sakatariyar ofishin, take fama, huɗu kawai ta iya turawa. Ƙaramin saƙo yana wucewa lafiya lau, amma da ta ɗora hoton fasfo sai shuɗin layin da ke nuna tafiyar saƙon ya ja jiki zuwa rabi, ya tsaya, ya mutu.

Ta hamsin da takwas a jerin ita ce mahaifiyar Mansur. Inna Zalihatu ta shekara goma sha ɗaya tana suyar masa a bakin babban masallacin Treichville da wannan niyya guda, gwiwoyinta kuma sun fara gaya mata cewa baɗi ba tabbas. Da safe ya roƙe ta ta zauna a gida, ta ce ita ma tana so ta ga yadda ake aika mutum Makka ta cikin waya. Ga ta nan a kan benci tsakanin mata, carbi a hannu, tana kallon tafin takalmin ɗanta.

Ya fito yana kakkaɓe riga. A aljihun rigar akwai katinsa mai rubutun "Injiniya Mansur", muƙamin da ya ba kansa bayan kwas na wata shida a unguwar Plateau. Ba wanda ya taɓa musa masa, shi ya sa wani lokacin yake mantawa shi ya biya aka buga.

"Wayar ce," ya ce, yana ɗaga kebul ɗin da ya cire. "Ta tsufa."

Ya sa sabuwa. Sharifa ta gwada, layin ya kai rabi ya tsaya. Ya sake wata, haka. Ya kira kamfanin da ya ja musu intanet, ya yi wa wata baiwar Allah faɗa da Faransancin da yake ajiyewa don irin wannan rana, ita kuma ta gaya masa cikin ladabi cewa daga wajensu komai kore ne. Sha biyu ta wuce.

Na'urori biyu ne a bayan teburin. Akwai suwic, dogon akwati mai kafofi ashirin da huɗu inda wayoyin kwamfutocin ofis suke haɗuwa. Shi ya kafa shi da hannunsa shekara biyu da suka wuce. Sai rauta, ƙaramin akwatin da ke fitar da saƙo zuwa waje. Tsohuwar rautar tsawa ta ƙone ta ranar Talata, Alhaji ya aika kasuwar Black Market aka kawo wata daga shagon Idris. Mansur ya dubi akwatin da ya kafa, ya dubi wanda wani ya kawo, bai sha wahalar gane mai laifi ba.

"Kayan Black ke nan, Alhaji," ya ce da ƙarfi, don na bakin ƙofa ma su ji. "An sayar maka da gawa."

Ya sauka da kansa, ya kutsa cikin kasuwar, tsakanin masu wandunan gwanjo da masu jawo hannun riga suna nuna wayar salula. Idris ɗan asalin Nijar ne, haifaffen Adjamé, dogon mutum mai magana a hankali kamar ba ya son kalmomi su ƙare masa. Yana cin garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, a bakin shagonsa. Ya saurari zagin har ƙarshe, ya wanke hannu.

"Wagga rauta na gwada ta kafin in kai," ya ce. "Ka duba naka gefe, mon frère?"

"Nawa gefen ni na yi shi."

"To," in ji Idris. Ya ɗauko wata rautar daga kan kanta ya biyo shi.

Suka haɗa ta bayan azahar. Sharifa ta ɗora fasfo na biyar, kowa ya zuba wa shuɗin layin ido, har da tsofaffin da ba su san abin da yake nufi ba. Ya kai rabi. Ya tsaya.

Wani dattijo ya ja tsaki. Alhaji Nu'uman ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Idris ya jingina da bango ya harɗe hannu.

A lokacin ne tsoro ya kama Mansur sosai. Ƙarfe uku saura kwata. Ya dubi mahaifiyarsa, ya ga ta daina jan carbin, ta riƙe shi kawai. Ya tuna hayaƙin murhunta, da yadda take miƙewa daga kujera sai ta dafa bango. Idan huɗu ta yi, shi ne zai raka ta gida a woro-woro, tasin haɗaka, su haye gada suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma ya san ba za ta ce masa komai ba. Wannan ya fi komai ba shi tsoro.

Ya buɗe jakarsa ya ciro kwamfutar hannu da wata shuɗiyar waya mai faɗi, wadda ake shiga cikin suwic da ita. Tun safe tana cikin jakar. Bai taɓa ta ba saboda mutum ba ya binciken gidan da ya gina. Ya haɗa, ya buga umarni, ya nemi bayanin kafa ta ashirin da huɗu, wadda wayar rauta take ciki.

Lambobin kurakurai suka cika allon, dubbai, kuma da ya sake bugawa sai ya ga sun ƙaru. Ya nemi saitin kafar. Rubutu ya gangaro, ya tsaya da layuka biyu a saman allo: speed 100, duplex full.

"Na kama shi," ya ce, muryarsa ta dawo daidai. Har ya miƙe tsaye don ya yi bayani, domin Mansur bai taɓa samun taron mutane ya bar shi ya tafi a banza ba. "Alhaji, na'urorin nan biyu in an haɗa su sai sun yi ciniki tukuna. Da wane gudu za mu yi magana? Za mu iya yi lokaci ɗaya, ko sai ɗaya ya yi shiru ɗaya ya faɗa? Su daidaita da kansu. To wani ya zo ya ɗaure bakin wannan babban, ya ce farashi ɗaya ne, ba tayi. Sabuwar rautar ta yi sallama, ba a amsa ba. Sai ta ɗauka tsohon yayi ne, ta koma bin layi, tana jira a yi shiru ta yi magana. Shi kuwa ba ya shiru. In saƙo kaɗan ne su lallaɓa. In ya yi yawa sai maganarsu ta riƙa karo, kowa yana maimaitawa, ba mai jin wani."

"Wato kamar taron kwamitin masallaci," in ji Alhaji. "Wa ya ɗaure shi?"

"Wanda bai san aikin ba." Mansur ya juya ya dubi Idris. "Duk wanda ya yi wannan, ko kebul bai kamata a ba shi ya riƙe ba."

"Ni ko wayar shiga cikinsa ban da ita," in ji Idris.

Mansur ya zauna, ya ɗan ja shafin sama don ya ga farkon saitin. Layi ɗaya ne ya ɓuya a can, layin da ake rubuta bayanin kafa. Da Faransanci yake, da manyan baƙaƙe.

Ya karanta sau biyu. Sai komai ya dawo masa: ranar da ya kafa akwatin, da sabon katinsa a aljihu, da malaminsu na Plateau da ke cewa gwani ba ya barin na'ura ta yanke wa kanta shawara. Ya ɗaure suwic, ya ɗaure tsohuwar rauta daidai da shi, suka zauna lafiya shekara biyu har tsawa ta ɗauke ɗaya. Kuma da yake shi mutum ne da ba ya aiki ya tafi ba a san shi ya yi ba, sai da ya sa hannu.

Ya ji numfashi a bayan kunnensa. Idris ne ya matso, yana kallon allon. Idris ya iya Faransanci fiye da shi. Ya karanta, ya koma ya jingina da bangonsa.

Uku da minti ashirin. Mansur ya buga layuka biyu, speed auto, duplex auto, ya kwance abin da ya ɗaure. Fitilar kafa ta ashirin da huɗu ta mutu, ta dawo ruwan lemo, ta daɗe a haka har ya fara salati a zuci, sannan ta koma kore.

"Gwada," ya ce wa Sharifa, ba tare da ya ɗago ba.

Layin ya kai rabi ya wuce kamar ba shi ne ba. Sharifa ta gyara zama, ta jawo tarin fasfo kusa, ta fara kiran lamba. Shida. Bakwai. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar gbaka daga ƙasa da muryarta. Talatin ta shiga da uku da rabi da 'yan mintuna. Mansur bai dubi kowa ba, agogon kusurwar allo yake kallo. Da ta ce hamsin da takwas, huɗu saura minti goma sha uku, ya ce alhamdulillahi a zuci. Na ƙarshe ya shiga huɗu saura takwas.

Aka yi ta hamdala. Wata tsohuwa ta shafa masa kai, wani ya ce Allah ya ƙara ilimi, dattijon da ya ja tsaki ɗazu ya ce da ma shi tun safe ya ga alamar yaron ya san abin da yake yi. Yatsun Mansur suna kan madannai. Umarni ɗaya zai goge layin Faransancin nan, kalma biyu, kuma ya san su.

Alhaji Nu'uman ya juya kan Idris. "Kai kuma, Malam Idris, ka ga abin da ka kusa jawo mana. Gobe Juma'a, zan gaya wa jama'a su san inda za su riƙa sayen kaya."

Idris ya dubi Mansur, ya dubi ƙasa. "Yadda ka gani, Alhaji," ya ce.

Da Idris ya yi gardama, da Mansur ya samu abin riƙewa. Ya ɗauke hannu daga madannan, ya juya kwamfutar ta fuskanci Sharifa.

"Karanta wa Alhaji layin sama. Ki fassara."

Ta sunkuya. "Réglé par Ingénieur Mansur. Ne pas toucher." Ta ɗago ta dube shi, ya gyaɗa kai. "Wai Injiniya Mansur ne ya saita. Kada kowa ya taɓa."

Alhaji ya juyo ya dubi Mansur.

"Ai kuwa an bi umarni," in ji Idris a hankali. "Ba wanda ya taɓa."

Dariyar ta fara daga bakin ƙofa ta zagaye ɗakin. Mansur ya tsaya a tsakiyarta da shuɗiyar wayarsa a hannu, ya ga ba abin da ya rage sai ya taya su. Ya ba Idris hannu ya nemi gafara a gaban kowa, da Hausa, don Faransancinsa ya ƙare. Idris ya ce ba komai, ya ɗauki rautarsa ta biyu ya saka a hammata.

Inna Zalihatu ba ta yi dariya ba. Ta bari ya riƙe mata hannu suka sauko matakala ɗaya bayan ɗaya, ya tsayar da woro-woro mai zuwa Treichville. Ba ta yi magana ba a cunkoson Adjamé, ba ta yi ba a Plateau. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, don haka da suka hau gada sai ta taɓa gwiwarsa kawai.

"Kai. Sunana ya shiga?"

"Ya shiga, Inna."

"Da gaske, ko irin an kusa ɗin nan?"

"Da gaske. Na gani da idona."

Ta gyaɗa kai, ta juya tana kallon ruwa.

"Kwana da kwanaki ina tunanin me zan roƙa maka in na je," ta ce. "Yau na samu."

Mansur ya jira ta faɗa. Ba ta faɗa ba, shi kuma bai tambaya ba.