Taliyar da Malam Maiwada Ya Nema

Kwana huɗu ke nan da sallamo Malam Maiwada daga asibiti a Malumfashi, kuma tun da aka dawo da shi gida Dayi bai ci abin kirki ba. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa hannun dama da harshe. An dama kunu, an yi fate, an yi tuwo mai ruwa-ruwa, duk sai ya kau da kai. Likita kuwa ya ce in aka kai Litinin a haka, a mayar da shi a sa masa robar abinci ta hanci.

Ranar Asabar da hantsi 'yarsa Rabi tana goge masa baki, sai ya riƙe mata hannu ya furta wata kalma. Sau uku yana maimaitawa ba ta gane ba. Ta kira mahaifiyarta.

"Lazanya yake cewa," in ji Inna Kulu. "Abincin Turawan Italiya ne. Shekara tara yana yi musu kuku lokacin da suke aikin titi, kafin ya dawo noma. Sau ɗaya ya taɓa yi mani, ina amarya."

"To yaya ake yi, Inna?"

"Wallahi ci kawai na yi."

Rabi ta juya ga mahaifinta. Ta durƙusa ta kai kunne kusa da bakinsa. "Baba, faɗa mani a hankali." Da ƙyar ta tsinci kalmomi: fulawa, ƙwai, nama, tumatir, madara, cuku. Sauran da hannun hagu ya nuna, yana shimfiɗa tafinsa a kan bargo, ya ɗaga, ya sake shimfiɗawa. Hawa-hawa ke nan.

Ta buga wa yayanta Almustapha waya a Funtua ya nemo cuku ko a wane kanti ne. Ita kuma ta ari injin murza taliya a maƙwabta. Kwaɓin farko ya yi ruwa, ya manne a injin. Na biyu ya fito fale-fale, sai ta bar shi da faɗinsa ba ta yanka shi siri-siri ba. Da ta tsoma a tafasasshen ruwa, guda uku suka haɗe suka yage. Ta tsaya da ludayi a hannu, hawaye na neman zubo mata. Fulawar da ta rage ba ta fi gwangwani biyu ba.

"Ɗaya-ɗaya za ki riƙa sakawa," Inna ta ce daga bakin turmi, inda take daka naman.

Miyar tumatir ba ta ba ta wahala ba, sai dai gishiri ɗan kaɗan ta barbaɗa saboda hawan jininsa. Farin haɗin madara da fulawa ne ya tayar mata da hankali. Ta narka man shanu, ta zuba fulawa, ta tsiyaya madara, abin ya yi gudaji. Ta ɗebi cokali ta kai masa ɗaki. Ya duba, ya juya yatsa da sauri. Ta koma ta sa maburgi ta yi ta burgawa har ya yi sumul.

Azahar ta wuce Almustapha bai iso ba, wayarsa kuma ba ta shiga. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta leƙa zaure. Sai wajen ƙarfe uku ya shigo da ɗan ƙullin cuku, ya ce taya ce ta yi faci bayan Malumfashi.

Ba su da abin gashi, don haka ta yi yadda take gasa kek: yashi a gindin babbar tukunya, kwanon haɗin a kai, garwashi a kan murfi. Ta jera taliya, miya, farin haɗi, ta sake, har hawa huɗu, ta barbaɗa cukun a sama. Daga nan ba abin da ya rage sai jira. Ta buɗe sau biyu, Inna ta hana ta na uku. Da ƙauri ya fara tashi ta sauke ba shiri. Gefe ɗaya ya ƙone, tsakiyar kuwa ta yi ja tana tsatsafo da mai.

Ta yanko daga tsakiya, ta fifita, ta dagargaza da cokali. Almustapha ya tallafo mahaifinsu zaune. Malam Maiwada ya daɗe yana shaƙar ƙamshin kafin ya buɗe baki. Rabi ta zuba wa maƙogwaronsa ido, tana tsoron kada ya sarƙe. Ya tauna, ya tauna, ya haɗiye.

"Kauri," ya ce. Taliyar ta yi kauri.

"To Baba, gobe zan ƙara murzawa."

Ya sake buɗe baki. Cokali bakwai ya ci, ya sha ruwa, sannan ya lumshe ido. Rabi ta fito tsakar gida ta zauna a kan turmi, sai a lokacin ta ga garwashi ya ƙona mata babban yatsa.

"Tashi ki yi la'asar," Inna ta ce, "ni zan rufe sauran."