Ɓawon da Ya Rage a Jikin Sinduro

Tun da malamar asibiti ta ja Nimo gefe ta ce ya mayar da matarsa gida, ya ba ta duk abin da ranta yake so, ya gane abin da ake nufi. Bai tambayi komai ba. Ya samo mota aka kwantar da Bempomaa a baya, suka bi ta cikin gonakin koko har ƙauye.

Abin da ranta yake so kuwa guda ɗaya ne. An daka sakwara ta kau da kai, an yi miyar ganyen gwaza ta ce a ba yara.

"Sun ɗura min ƙwayoyi kamar ana cika buhun masara," in ji ta. "Tsoho, je ka roƙo min ɓawon sinduro. Harshena yana kewar ɗacin da ya saba."

Ita ce mai maganin zazzaɓi a ƙauyen tun kafin ya aure ta, kuma maganinta daga itace ɗaya yake fitowa, sinduron da ke tsakiyar gonarsu. Itacen Allah ne. Daga irinsa ake yanko reshe mai yatsu a kafa a tsakar gida, a ɗora masa kasko ya tari ruwan sama, a yayyafa wa jariri ko wanda baƙin ciki ya danne. Masu katako sun daɗe da kwashe 'yan uwansa, shi kaɗai ya saura a duk yankin, don kakar Bempomaa ta hana a taɓa shi.

Nimo ya san ƙa'idar kamar sunansa. Ka ajiye ƙwai a gindinsa, ka faɗa masa sunan marar lafiya, ka yanki kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, ka shafe raunin da taɓo. Ba a zagaye itace da wuƙa. Wanda aka zagaye ya mutu, ko da ganyensa zai yi wata yana ƙaryata hakan.

Da hantsin Jumma'a ya isa gonar da ƙwai a hannu, sai ya ja ya tsaya.

Itacen tsirara yake. Daga gindi har inda hannun dogon mutum zai kai, an saɓe shi fari fat, ƙaronsa mai kama da nono ya zubo ya bushe. Ga sawun takalma, ga guntun igiyar buhu. Baƙi ne masu kai ɓawo kasuwar birni, kuma sun san Alhamis ƙasa take hutawa, ba mai shiga gona, shi ya sa suka zaɓi ranar. Ya zagaya a hankali. Ta wajen da itacen ya jingina da dutse, inda adda ba ta shiga da sauƙi, wani zirin ɓawo ya tsira, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ta wannan zirin kaɗai itacen yake ci yake sha.

Ya zauna a kan dutsen, addarsa a cinya.

Da a ce ɓawon zai tashe ta, da bai ɓata lokaci ba, da itacen da gonar duk ya bayar. Amma ya ji abin da malamar asibiti ta ce, kuma ya ga idon matarsa. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya kashe mai warkar da 'ya'yan mutane don ya daɗaɗa wa wadda ba za ta warke ba. Damina na tafe da sauronta, uwaye za su zo da yara masu zafin jiki. To amma yaran nan ba su riga sun yi ciwo ba, wasu ma ba a haife su ba, ita kuwa tana kwance yanzu tana sauraron takunsa. Wa ya fi haƙƙi a kan mutum, wanda ke gabansa ko wanda ke hanya? Matar da ba ta taɓa roƙonsa ko zani ba, yau ta roƙi abu ɗaya.

Ya ɗora bakin addar a kan zirin. Hannunsa ya ƙi.

Ya ajiye ƙwan a gindin itacen bai ambaci sunan kowa ba. Ya gangara bakin rafi inda wani maɗaci yake, ya yanko ɓawonsa. Ɗaci ai ɗaci ne, ya ce a ransa, harshen marar lafiya kuma ba alƙali ba ne.

A gida ya dafa shi da kansa a tukunyarta, ya jefa citta mai yawa. Ya tallafo kanta ya kai mata ƙoƙon. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta sake kurɓa. Sannan ta dube shi ta saman ƙoƙon.

"Maigida."

Ba ta kiransa haka sai za ta tsokane shi.

"Na'am."

"Yaushe sinduro ya yi ƙaura zuwa bakin rafi?"

"Sha maganinki, tsohuwa. Ciwo ne ya juya miki baki."

"Bakina yana nan inda ka san shi. Mai sayar da gishiri za ka yi wa wayo da toka? Ga citta ka zuba kamar mai dafa wa maijego." Ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. Da ya lafa ta ce, "Ka tsufa ba ka iya ƙarya ba. Me ya same shi?"

Ya faɗa mata duka, har zirin da ya rage, har addar da ya ɗora ya ɗauke. Yana magana yana kallon ƙasa, don bai san wanne za ta fi jin zafi ba, abin da baƙi suka yi wa itacen ko abin da shi ya hana ta.

Ta ɗago ido ta dube shi.

"Ka fifita itace a kaina ke nan," in ji ta.

"Haka na yi."

"Ko musu ba za ka yi ba?"

"In na yi ma za ki gane."

Ta laluba ta kamo yatsunsa. "Na so ka yanko, ba zan ɓoye maka ba. Har yanzu ina so. Da ka yanko kuma da na sha, sannan na tafi ina jin haushinka. Ka ga irin matar da ka aura." Ta numfasa. "Ka shafe masa raunin?"

Nimo ya sosa ƙeya.

"Ka bar shi tsirara a rana? Kai dai ba a aikenka. Ɗauke ni."

"Ina?"

"Kasuwa, in sayi ɗan kunne. Ɗauke ni na ce."

Ya durƙusa, ta kwanta a bayansa, ya ɗaure ta da zaninta kamar goyo. Rashin nauyinta ya tsorata shi fiye da maganar malamar asibiti. Suna wuce gidan maƙwabciyarsu Sarpomaa, tana shanyar koko, ta ɗago kai.

"Nimo, an haihu ba a kira mu suna ba?"

"Jaririyar ta zo da haƙora da baƙar magana, shi ya sa muka ɓoye."

"Ki rabu da shi, ƙawata," in ji Bempomaa daga bayansa. "Jakin nawa ya tsufa, amma yana kai kaya."

Sarpomaa ta yi dariya, ta bi su da kallo, sannan ta kai bakin zaninta ido.

Sau da yawa ya tsaya hutawa kafin su kai. Ya sauke ta a kan dutsen, ta jingina da itacen. Ya ɗebo jar ƙasa daga suri, ya kwaɓa da ruwan rafi, ya kawo mata a ganyen ayaba. Ta fara shafawa inda hannunta ya kai, tana yi wa itacen magana ƙasa ƙasa.

"Kaka, an ci mutuncinka, ka yi haƙuri. Ni ce Bempomaa. Yau ba roƙo na zo ba. Wannan tsohon da ka gani, shi zai riƙa zuwa. Hannunsa da nauyi, kansa da tauri, amma ka amsa masa."

Hannunta ya gaji da wuri. Nimo ya karɓa ya ci gaba, yana hawa dutsen don ya kai sama, tana nuna masa inda ya tsallake. A gefen zirin, inda addar baƙin ta karce, wani farin ɗigo ya tsatso sabo. Ta sa yatsa ta lakato, ta kai harshe. Fuskarta ta yamutse gaba ɗaya, ta lumshe ido.

"Yauwa," in ji ta. "Shi ne."

"Ya ishe ki?"

"Bai isa ba. Ci gaba da aikinka, ga wuri can ka bari."

Ya ɗebo wani taɓon ya miƙa hannu sama.