Burtuntuna da Hannun Hawa

Tun Salima tana ƙarama take jin ana cewa hannun Tanti Hawa ba ya shuka. Tanti Hawa ƙanwar mahaifiyarta ce. A ƙauyensu can ƙasar Maraɗi, in ruwan shuka ya sauka, maza ke yin gaba suna sara da sungumi, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige, kowace da 'yar ƙwaryarta. To, damina bayan damina, layukan da Hawa ta bi su ne dawarsu ke fitowa da burtuntuna, ciwon nan da ke mai da ƙwayar dawa 'yar jakar baƙin gari kamar dakakken gawayi. Mutanen ƙauye kuwa ba sa rasa bayani. Aka ce hannunta ne. Aka karɓe ƙwaryar, aka bar ta da kai abinci gona. Da ta gaji da kallon gefen ido sai ta tattara ta taho Yamai, ta zauna a unguwar Bukoki tana sayar da fura, har furfura ta fito mata ba ta sake taka gonar gidansu ba.

Salima ta tashi da tambaya a bakinta: ta yaya hannun mutum zai baƙanta dawa? Tambayar ce ta ja ta har karatun aikin gona a jami'a, can Harobanda ƙetaren kogi, kuma da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai bincika, ta ce burtuntuna. So take ta wanke sunan Tanti tun tsohuwar tana da rai, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Ta sha wahala tana bin manoma kafin ta tara zangarniyoyi masu ciwon, ta ƙulle su a buhu ƙarƙashin gadonta tana jiran damina. Ana haka mahaifiyarta, Inna Fatuma, ta zo Yamai a duba mata ido, ta sauka wurinta. Wata ranar Salima ta dawo daga labo, ɗakin bincikensu na jami'a, ta tarar da Inna a tsakar gida da faifai a hannu, buhun yana gefe wayam.

"Auta, wace irin ƙazanta ce wannan?" in ji Inna. "Duk karatun naki ki kwana da ruɓaɓɓiyar dawa a ɗaki? Na sussuke, na sheƙe, na bakace. Ga ta nan tas."

Ai kuwa, wace Bahaushiya ce za ta ga hatsi da datti ta wuce? Baƙin garin da Salima ta yi wata da watanni tana tarawa, iska ta kwashe shi ta yi wajen kogi da shi. Salima ta zauna a bakin ƙofa, kuka na neman ƙwace mata. Can sai ta tura yatsa cikin dawar, ta goga a farin gyalenta. Wani ɗan siririn layi toka-toka ya fito. Ta ƙura masa ido, kukan ya koma inda ya fito.

"Inna, kin san Turawan dā ma sun sha fama da irin ciwon nan a alkamarsu?"

"Su ma suna da mai baƙin hannu?"

"Su raɓa suke zargi, da iska, da muguwar ƙasa. Sai wani mutum a Faransa, kusan shekara ɗari uku ke nan, ya samo iri mai kyau ya raba biyu. Rabi ya barbaɗa masa baƙin garin, rabi ya bar shi haka, ya shuka su kusa da kusa."

"Da gangan ya ɓata abinci? Allah ya shirya." Inna ta ci gaba da kakkaɓe faifai, amma kunnenta na nan. Can ta ce, "To, me ya fito?"

"Mu gwada mu gani mana."

Washegari Salima ta kai Inna labo, ta ɗora ɗan ƙurar gyalen a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Inna ta rufe idonta mai ciwo, ta leƙa da mai lafiyar, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Kamar ƙwan kifi. Yana da rai ne?"

"Iri ne shi ma, Inna. Yana manne a jikin dawa, su tsiro tare, ya bi cikin kara yana hawa ba a gani, sai lokacin zangarniya ya fito. Bayan wancan mutumin, wani ya lura cewa in ruwan da aka jiƙa garin ya taɓa tagulla, ba ya tsira. Daga nan aka fara wanke iri da magani."

"Ikon Allah," in ji Inna. Ta gyara lulluɓi. "Ni dai tawa na bakace ta. Kuma hannuna kowa ya san shi."

Nan Salima ta kama ta. Suka yi da ita: Inna za ta shuka dawar da ta bakace da hannunta mai albarka, Tanti Hawa kuma ta shuka iri mai magani, a ɗan filin bayan gida.

Shawo kan Tanti ya fi komai wuya. Salima ta same ta a Bukoki tana dama fura. "Ki bar ni da ludayina, 'yar nan. Abin da ya kwanta kar ki tashe shi." Salima ta yi ta zarya, sai da ruwan farko ya sauka sannan tsohuwar ta ƙetaro gada a taksi. Da aka miƙa mata ƙwarya ta karɓa tana cewa ai ta manta. Amma diddigenta bai manta ba: ta zuba, ta rufe, ta taka gaba, kamar jiya ta bari.

Daga ranar tsoro ya kama Salima. Ilimi ilimi ne, amma in aka yi rashin sa'a zangarniya ɗaya tak ta baƙanta a layin Tanti, ita da kanta ta buga wa maganar ƙauye hatimi. Inna kuwa ido ya warke, amma zancen komawa gida ko oho. Kullum da safe tana bayan gida tana leƙa ganye, tana tambayar ta ina abin yake hawa.

Da dawa ta yi ƙwaya aka aika wa Tanti Hawa. Su uku suka tsaya a bakin filin. Layin Tanti ya sunkuya da nauyi, ko ɗigon baƙi babu. Inna ta je nata layin ta kama zangarniya ta matsa. Ta buɗe tafinta, baƙi ƙirin. Ta matsa ta gaba, haka. Fiye da rabin layin haka yake.

Ta ɗago ta dubi Hawa. "To amma a dā, me ya sa sai layinki ke kaɗai?"

"Yaya, ni ce ƙarama," in ji Hawa a hankali. "Sai an cika ƙwaryar kowa, sannan a kakkaɓe mini gindin buhu."

Salima ta juyo ta dubi Tanti. Gindin buhu, inda duk ƙurar ke taruwa. Wannan ba ta taɓa jin shi ba, ba kuma wanda ya taɓa tambaya.

Hawa ta kama gefen zanenta za ta goge wa yayarta hannu. Inna ta janye. Ta karya zangarniya ɗaya baƙa, ɗaya mai kyau, ta ɗaure a bakin gyale, idonta cike da hawaye.

"Gida zan kai su kowa ya gani. Baɗi in ruwa ya sauka, ke za ki fara zubawa."

Hawa ta murje 'yan ƙwayoyi daga layinta, ta hure, ta jefa a baki tana taunawa.

"Waɗanda suka karɓe ƙwaryar duk sun rasu, Yaya," ta ce. "Amma zan zo. A dai cika mini daga bakin buhu."