Fadamar da Mama Ta Ɓoye

A gidanmu kowa ya san Mama tana da fadama, amma ba wanda ya san inda take. Duk watan Agusta sai ta shiga kwalekwale ita kaɗai ta haye tafkin da ke gaban ɗan gidanmu na katako a kan dutse, ta dawo da bokiti cike da molte, 'ya'yan ciyawar nan da muke adanawa mu sha da kirim ranar Kirsimeti. Mu mutanen yankin Telemark, gara mutum ya gaya maka ciwon da ke cikinsa da ya gaya maka inda yake tsinkar molte. Mama ta gaji wurin ne daga uwarsu, ita da yayarta Borghild wadda ta rasu tuntuni. Ni da ƙanena Eilif mun sha roƙonta muna yara, amsar ba ta canzawa: can tsallake.

Bara likita ya faɗa mana abin da mun riga mun gani, cewa mantuwa ta kama Mama kuma ba ta da niyyar saki. Eilif ya kira ni ya ce in ba a kai ta tafkin bana ba, fadamar za ta tafi tare da ita. Shi mai shawarar bai samu zuwa ba, kamar kullum. Ni na karɓi ɗan hutu a wurin aiki a Oslo, na ɗauko ta muka hau zuwa gidan da ke bakin tafkin.

Kwalekwalen marigayi Baba ya shekara biyu a rumfa, ya bushe har kana hango rana ta tsakanin katakansa. Na ce zan sauka gari in sayo abin liƙi. Mama, wadda ta tambaye ni sau uku a mota ina za mu, ita ce ta dube ni shaƙeƙe ta ce ba a liƙe jirgi, shayar da shi ake yi. Muka tura shi ruwa, muka danne da duwatsu ya nutse, aka bar katako ya sha ya kumbura. Na tambaye ta kwana nawa zai ɗauka. Ta ce in tambayi jirgin.

Raina ya ɓaci, don hutuna na ƙarewa, kuma kowace safiya ina tsoron ta tashi babu fadamar a kanta. Amma ba abin yi sai zama. Na ɗebo ruwa a rafi, na faskara itace, muka sha gahawa da burodi da cuku a bakin ƙofa muna kallon hazo yana tashi daga kan tafkin. Waya ba ta kamawa sai ka hau dutsen bayan makewayi, har na gaji da hawa na jefa ta cikin jaka. Ƙamshin kwaltar da Baba yake shafa wa jirgin yana nan a rumfar, sai na tsinci kaina ina shiga ba dalili. Na yi kewarsa sosai, na yi kewar Mamar da ke zaune kusa da ni ma.

Ranar da muka kwashe ruwan jirgin ya tsaya ba yoyo, na zaunar da ita a baya na kama tuƙi. Hannu kawai take ɗagawa tana nuna min hanya. Muka wuce tsibirin, muka shiga wani lungu da na sha wucewa ina tsammanin ciyawa ce kawai. Muka sauka muka taka kaɗan ta bayan wani dutse mai tsagi, sai ga fadamar shimfiɗe, jawur da molte. Wato ɗanya, don molte sai ta bar ja ta koma ruwan zuma take nuna.

Na durƙusa in duba kawai, sai ta kama wuyan hannuna.

"Borghild, kar ki gaya wa Torunn wurin nan."

Ni ce Torunn. Na tambaye ta dalili.

"Yarinyar kirki ce, amma ba ta iya jira ba. Tun suna ja za ta tsinke su, ta ce tana da aiki ranar Litinin."

Aikin Litinin kuwa ina da shi, har bokitin roba na taho da shi a ƙarƙashin benci. Na ce mata ba zan faɗa ba. Muka dawo da bokitin yadda ya je. Da yamma na hau dutsen bayan makewayi na gaya wa shugabata kada su sa ran ganina ranar Litinin. Ta fara lissafa min abubuwan da ke jirana, iska ta yi min alheri ta yanke layin.

Muka ci gaba da zama. Wata rana ni Torunn ce, wata rana Borghild, duk wanda aka kira ina amsawa. Mama ta saƙa safa ta warware, ta sake saƙawa. Ruwan sama ya zo ya wuce, rana ta biyo baya, dare ya fara sanyi.

Safiyar da muka koma, idonta garau yake, ta kira ni da sunana tun a wurin karin kumallo. Ta zauna a bayan jirgin, hannuwanta a cinya, ba ta nuna min ko'ina ba. Na wuce tsibirin na karya cikin lungun. Tana ta kallona har muka zagaya dutsen mai tsagi, muka tarar fadamar ta zama zuma daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wa ya nuna miki?"

"Inna Borghild."

Ta ja tsaki. "Bakin Borghild bai taɓa riƙe magana ba."

Ta sunkuya da ƙyar ta taɓa guda ɗaya, ta faɗo mata a tafin hannu ba sai an ja ba. Ta juya ta, ta dubi fadamar, ta dube ni.

"Kin same su suna ja?"

"Na same su."

"Kika bar su."

Ta sa min ita a baki da hannunta, yadda take yi ina ƙarama. Sannan ta miƙo min tsohon bokitinta na ƙarfe, ta nemi dutse ta zauna, ta ce in fara daga gefen rana, kuma kar in gaya wa Eilif.