Kafaɗar Hagu

"Tallafo shi ka juyo mini shi," in ji Baffa Idrisa.

Abdussamad ya zura hannun dama ƙarƙashin bayan mahaifinsa ya ɗaga, gawar ko motsi ba ta yi ba. Malam Sharfuddeen mutum ne mai jiki. Ko da ransa, a kwanakin jinyar nan, sai mutum biyu ke tayar da shi daga katifa, balle yanzu da ya saki gaba ɗaya. Ruwan magarya da kafur yana zuba daga kan katakon wanka yana bin siminti. Ta bayan ƙofa ana jiyo kukan mata ƙasa-ƙasa.

"Hannu biyu Allah ya ba ka, ya waladi."

Abdussamad ya kawo hannun hagu a hankali. Baffa Idrisa, ƙanin mamacin, gajere ne kuma gajeren haƙuri. Ya kai hannu bayan yaron don ya matsar da shi gefe, sai yatsunsa suka ci karo da wani abu mai tauri a ƙarƙashin jallabiyar. Ya shafa ya bi shi. Ɗamara ce, ta zagaye kafaɗu biyu ta haɗe a tsakiyar baya. Dattijon ya janye hannunsa. Ya leƙa waje ya kira wani maƙwabci, suka juya gawar, suka gama wanka, suka sa likkafani. Sai da maƙwabcin ya fita sannan ya tura ƙofa ya jingina da ita yana kallon ɗan wansa.

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Abdussamad ya faɗi komai, rabi da Hausa rabi da Larabci, kamar yadda 'ya'yan da aka haifa a Madina suka saba in magana ta yi nauyi.

Tun 1977 gwamnati ta tura shi Amurka karatun injiniya. Can wani kocin jami'arsu ya gan shi yana tsere da abokai, ya kira shi ya jefa masa ƙwallonsu mai kama da gwanda, ya cafe da hannu ɗaya. Daga nan aka sa masa hular kwano da sulken roba. Aikinsa a fili shi ne ya sheƙa a guje, a jefo ƙwallo daga nesa, ya cafe, alhali ƙarti suna tahowa su yi ciki da shi. Masu gudu suna da yawa a ƙasar nan. Abin da ya sa kocin ya riƙe shi shi ne ba ya runtse ido. Yana ganin mutum ya taho zai take shi, amma idonsa na kan ƙwallo, kuma in ta shiga hannunsa sai dai a kai shi ƙasa da ita. Har masu nema wa manyan ƙungiyoyi 'yan wasa sun fara tambayar yadda ake furta sunansa.

A atisayen ƙarshe kafin hutu aka danne shi a kan kafaɗar hagu, ƙashin da ya taso daga gindin wuya ya karye. Likita ya ɗaure, ya ce ƙashin zai haɗe da kansa kafin Agusta, lokacin da ake komawa wasa, in aka bar shi ya huta, amma ko bokitin ruwa kada ya ɗauka. In ya sake gocewa sai tiyata, shekarar kuwa ta tafi. Kocin shi ma bai ɓoye masa ba: in ya dawo lafiya gurbin nasa ne, in bai dawo ba akwai wani yaro da ke jira, kuma ba a ajiye wa kowa wuri.

Gida kuwa ba wanda ya san da karayar. Malam Sharfuddeen da ya ga hotonsa cikin hular kwano dariya ya yi har da hawaye, ya ce wasan da sai an kifa wa mutum tukunya a ka ai ba wasa ba ne. Ya yarda ne kawai bisa sharaɗin ranar da aka ji masa ciwo an gama. Shi ya sa Abdussamad ya shafe makonni a gidansu na unguwar Aƙiƙ yana zufa cikin ɗamara, yana kwana a rigingine, yana kauce wa rungumar ƙannensa.

Baffa Idrisa ya ja tsaki. Wasan bai dame shi ba, shi ko ƙwallon ƙafa yana ganinta aikin marasa sana'a ce. Abin da ya dame shi daban.

"Shekaranjiya babanka ya riƙe hannuna. Ya ce Abdussamad ne zai shiga rami ya karɓe shi."

Abdussamad ya sunkuyar da kai.

"Amma bai san da wannan ba. Ni zan shiga, da wani. Khalas, magana ta ƙare. Ba wanda zai ce uffan."

Su duka biyun sun san ba haka ba ne. Mutanen unguwa Bature suke kiransa tun dawowarsa ta farko, da wasa da kuma abin da ya fi wasa. A ce babban ɗa yana tsaye a bakin kabari da farar jallabiya, tsoho ya shiga rami a madadinsa, wannan magana sai ta kai Makka kafin magariba. Amma ba tsoron baki ne ya fi cin ransa ba. Mahaifinsa ne ya nemi abu ɗaya, shi kuma dama ya riga ya ɓoye masa ɗaya.

"Ɗayyib, ya ammi. Na ji, Baffa. Bari mu je tukuna," ya ce.

A bayan a-kori-kurar maƙwabci aka kai gawar Masallacin Annabi. Rana ta Rajab ta sa ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Abdussamad ya zauna kusa da makara ya dafe gwiwar hannun hagu da hannun dama, duk ramin da taya ta faɗa sai ya ji shi a haƙoransa. Yana kallon shaguna suna rufewa saboda la'asar, yana ƙoƙarin tuna mahaifinsa, amma abin da ke zuwa masa shi ne filin nan mai ciyawa da fararen layuka. Ya ji kunyar kansa ƙwarai.

Da aka sallame sallar gawa, makara ta tashi sama tun kafin dangi su miƙe. Haka ake yi a nan. Kowa na son ladan ɗauka, wanda ya san mamaci da wanda bai taɓa jin sunansa ba, Baturke da Bapakistane da ɗan gari, kowa ya sa kafaɗa ya yi 'yan taku ya ba na baya. Kuma sauri ake yi kamar ana korar mutane. Abdussamad ya kutsa ta ɓangaren da makarar za ta hau kafaɗarsa ta dama. Dabarar ta yi, sai dai ta bar ta hagu a buɗe ga taro. Ya riƙa karkacewa yana zamewa, wani ya taho ya goce masa, wani ya turo ya ba shi baya. Abin da aka koya masa ke nan a can, bai taɓa zaton a kan hanyar maƙabartar Baƙi'a zai yi amfani da shi ba. Ya shiga ƙofar maƙabarta ba wanda ya taɓa shi, har zuciyarsa ta fara raya masa cewa wataƙila a rabu lafiya.

An riga an haƙa kabarin. Rami ne mai zurfi, da lahadu a gefen alƙibla. Aka sauke makara. Mai haƙa ya share zufa ya tambaya da Larabci su wane ne za su sauka.

Baffa Idrisa ya fara tuɓe takalmi. Yana ɗagowa ya tarar Abdussamad ya riga shi, yana zaune a bakin ramin ƙafafunsa na lilo a ciki.

"Fito," in ji dattijon ƙasa-ƙasa.

"Ni ya ce."

Ya dafa da hannun dama ya dira. Wani ɗan unguwarsu ya bi shi. Abdussamad ba wawa ba ne, ya yi lissafinsa tun a mota. Ya tsaya ta inda ƙafafu za su sauko, ya bar wa ɗayan wajen ƙirji. Ƙafafu ko da hannu ɗaya da rabi zai iya.

Sai dai na sama ba su san da lissafinsa ba. Mutane da yawa ne ke riƙe da gawar, kowa na ba da umarni da harshensa. Wani dattijo ya ce ba haka ake shigar da mamaci ba, ta wajen ƙafar kabari ake zuro shi, kai a gaba. Aka ja baya, aka kewayo. Abdussamad ya ɗaga ido ya ga kan mahaifinsa da faffaɗan ƙirjinsa suna sauko masa, daidai inda yake tsaye. Ramin ya yi ƙunci, ba wurin musanya. Hannayen na sama sun fara saki, domin sun ga saurayi dogo mai ƙarfi a ƙasa.

Yana da damar ya ce a dakata. Kalma ɗaya ce. Ya ga fuskar Baffa Idrisa a sama, baki buɗe zai yi magana. Ya ɗaga hannu biyu.

Nauyin ya sauka a kansa gaba ɗaya. Ya ji ƙarar a cikin kunnensa, ƙas, kamar an taka busasshen reshen dabino. Wuta ta tashi daga wuyansa ta bi hannu har yatsu, ganinsa ya yi fari. Gwiwarsa ta lanƙwashe ta daki bangon rami. Amma bai saki ba. Ya rungume mahaifinsa a ƙirji, ya sa goshi ya tokare, ya bi da shi ƙasa a hankali har ɗayan ya karɓi ƙugu da ƙafafu. Suka shigar da shi lahadu a kan gefen dama. Na sama suna ta "Bismillahi wa ala millati Rasulillah," ba wanda ya ji komai.

Da hannu ɗaya ya kwance ƙullin likkafani na wajen kai. Ya gyara kuncin tsohon ya taɓa ƙasa. A nan ne kuka ya zo masa, na uban da kuma na abin da ya san ya bari a ramin nan. Agusta ta wuce shi. Wancan yaron da ke jira zai sa rigar wasan, kuma mutanen da ke koyon furta sunansa za su koyi na wani.

Aka miƙo tubala aka toshe lahadu. Da aka zuro hannaye za a jawo shi, ya ba da na dama. Ya zuba ƙasa sau uku kamar kowa. Hannun hagu yana rataye, kafaɗar ta zubo gaba. Baffa Idrisa kallo ɗaya ya yi masa ya gane.

"Asibiti. Yanzu."

"Bayan mutane sun watse."

Sai a lokacin ya juya ya ga abin da ya manta. Dangi sun fara jeruwa a gefen hanya. A Hijaz ba a watsewa daga maƙabarta sai 'yan'uwan mamaci sun yi sahu, masu rakiya su bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba musafaha ake yi ba. Mai ta'aziyya hannun damansa yake ɗorawa a kafaɗar wanda aka yi wa rasuwa, kafaɗar da ke daidai hannunsa. Ta hagu ke nan. Malam Sharfuddeen ya yi shekara talatin da wani abu yana sayar da dabino a bakin Harami, layin masu jira ya kai ƙofa ya lanƙwasa.

Babban ɗa shi ne farkon sahu. Abdussamad ya je ya tsaya.

Na farko Rabo mahauci ne, aminin marigayi, mutumin da hannunsa ya saba da sara. Idonsa jawur, ya ce, "Azzamallahu ajrak, Bature. Yau ka biya ubanka." Ya sauke tafinsa, ya ƙara da matsawa saboda ƙauna. Abdussamad ya ciji cikin kumatunsa har ya ji gishirin jini. Ya amsa yadda ake amsawa. Na biyu ya zo, na uku ya zo. Ƙasa ta fara juyawa da shi, muryoyi suna nisa suna dawowa. Ya kafa ido a kan wani dutse da ke kan kabarin da ba suna, ya ce wa ƙafafunsa su tsaya.

Baffa Idrisa yana can tsakiyar sahu wajen dattawa. Ya bar wurinsa ba tare da ya nemi afuwar kowa ba, ya ture ƙanin Abdussamad, ya tsaya a hagunsa. Ya ɗaga hannun dama, sai da ya yi ɗage saboda tsawon yaron, ya kifa tafinsa a saman kafaɗar. Bai taɓa ta ba. Ya bar 'yar tazara, ya sandarar da hannun.

Mutum na gaba ya ga baffa ya dafa maraya, ya ji tausayi, ya ɗora hannunsa a bayan hannun dattijon ya wuce. Na bayansa ma haka.

Abdussamad ya dubi gefe. Jijiyoyin wuyan tsohon sun miƙe, damtsensa ya fara rawa, zufa na ɗiga daga gemunsa.

"Baffa, sauke. Zan iya."

"Yi mini shiru ka amsa wa mutane," in ji Baffa Idrisa, bai ko kalle shi ba. Ya kawo hannun hagu ya tallafe gwiwar na dama. Layin har yanzu bai bar bakin ƙofa ba.